Daga Babban Gwani zuwa 'Yan Jere: Sunayen Masu Ƙawata Ɗaki a Birnin Zazzau

A cikin ganuwar Zariya akwai unguwar da ake kira Babban Gwani. Yaran da aka haifa a can suna faɗin sunan kamar yadda ake faɗin Kwarbai ko Limancin Kona, ba ya zuwa musu a rai cewa laƙabin wani mutum ne. Mutumin magini ne, shi ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Littattafai sun rabu a kan sunansa na yanka: wasu sun rubuta Malam Mika'ilu, wasu Muhammadu Durugu. Laƙabin kuwa ba a taɓa jayayya a kansa ba. Har ma ya bi aikinsa zuwa wasu ƙasashe, domin a Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi akwai soron da ake jingina masa, wanda gwamnati ta sanya cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, kuma mutanen can Babban Gwani suke ce wa ginin kansa.

Wanda ya tsaya a wajen tsohon masallacin, kafin a lulluɓe shi da sabon gini na siminti a shekarun 1970, ba zai ga abin da zai sa ya riƙe baki ba. Katanga ce ta ƙasa, mai kauri. Aikin yana ciki: ginshiƙai masu zane mai zurfi, da bakunan da suka tashi daga jikinsu suka haɗu a sama, kowane da rodi-rodinsa, ga azarar rufi an jera ta layi-layi kamar saƙa. Abin da ke riƙe da rufin shi ne kuma adon ɗakin. Don haka idan matashin yau ya tambaya ko ƙasar Hausa ta taɓa samun mai sana'ar tsara cikin ɗaki, irin wadda ake zuwa makaranta a karɓo wa takarda, amsar tana cikin wannan masallaci. Sai dai ba sana'a ɗaya ba ce mai suna ɗaya. Hannuwa uku ne suka raba aikin, kuma harshe bai yi musu rabon sunaye daidai ba.

A fara da gwani. Masana harshe da dama suna danganta kalmar da goni ta Barebari, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda Joseph Greenberg ya nuna tun a 1960 cewa kalmomin ilimi irin su karatu da rubutu ta hanyar Barno suka shigo Hausa. A tsangaya gwani mataki ne sananne a kan tsani: ƙolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, sannan gwani, sai gangaran a can ƙololuwa. Ba mai naɗa kansa gwani a tsangaya. Sai ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya zauna cikin manya an ja shi an gwada shi, sa'an nan bakin jama'a ya saki sunan. Da magina suka ɗauki kalmar, sun ɗauke ta da sharaɗinta. Gwanin gini shi ne wanda sauran magina suka sallama wa, wanda idan soro ya gagara ake cewa a kira wane. Ƙarin "babba" a gaba kuwa, bisa abin da zuriyarsa da masu tarihi suke faɗa, daga Sakkwato ya zo, a matsayin shugaban maginan daula.

Labaran da ake bayarwa a kansa suna da daɗin ji. Wai da dare yake aiki shi kaɗai, wai aljanu ke miƙa masa ƙasa, wai wani sarki ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Irin wannan labari na ƙarshe ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da yawa, har da na Turai da Asiya. A ganina labarin aljanun, duk da yabo ake nufi da shi, ya rage wa magina wani abu. Ya sa mutane suna ɗaukar aikin kamar baiwa ce da take faɗowa daga sama, alhali koyo ne mai matakai, mai ɗaukar shekaru, wanda kowane mataki nasa yana da suna.

Yaro yakan fara ne daga kwaɓa. Ana haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba mata ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake juyawa. Nan zai koyi bambancin jar ƙasa mai danƙo da wadda yashi ya yi wa yawa. Daga nan sai curin tubali, wannan mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Sai jifa: magini yana zaune a kan katanga kamar mai hawan doki, yaro yana ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa, shi yana cafewa yana dasawa, tsini sama. Wanda bai iya jifa ba zai sha faɗa kafin azahar. Bayan haka ne za a bar shi ya yi yaɓe, sannan ya hau katangar bayan gida, wadda ko ta karkace ba baƙon da zai gani. Duk wannan da rani ake yi. Da damina magini manomi ne.

Rufi shi ne jarrabawa. Azara, wato tsagin giginya, gara ba ta cin ta, amma tana da iyaka: idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, ba za ta ɗauki nauyin ƙasar rufi ba. Duk wani ɗaki mai faɗi a tsohon birni dabara ce ta kewaye wannan iyaka. Magini yakan dasa azara a cikin katanga tun tana rabin tsayi, ya karkato da ita ciki, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe, ya bari ta bushe. Sai ya ɗora wata a kanta, ta ƙara leƙowa, ta ƙara kwantawa. Haka daga wannan bango, haka daga wancan, har kawunan su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo, an ara masa sunan na sama. Kowane reshe nasa ƙafa ake ce masa, shi ya sa za ka ji an ce soro mai ƙafa kaza. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya sai a ce ɗaurin guga, domin haka ake gitta itace a bakin gugar rijiya. Tudun da ya fito a sama shi ne tulluwa. A mahaɗar bakunan akan manna tasa ko faranti mai sheƙi, ido ya sami wurin sauka. Wanda ya iya rarraba ƙafafun nan yadda ɗaki zai tsaya kuma ya yi kyan kallo ga wanda ke zaune a kan tabarma, shi ake fara kira gwani ba da wasa ba.

Abin lura shi ne tsakanin yaro da magini babu wani laƙabi da ake kiran mutum da shi. Mutum zai iya kai shekara arba'in, da gemunsa da iyalinsa, ana ce masa yaron wane. Ba raini ba ne. Kalmar tana nuna wanda yake ƙarƙashinsa ne, kamar yaron sarki. Shi kuma yana kiran mai koya masa Baba idan gado ne, ko Maigida idan kawo shi aka yi. Ba ranar da ake tara mutane a ce daga yau ka gama. Wata rana dai za a zo neman maigida, ya ce, "Ku tafi da wannan, hannuna ne." Wannan jimla ita ce takardar shaida. Lebura kuwa baƙuwar kalma ce, daga Turanci, ta shigo tare da aikin En'e da na jirgin ƙasa, kuma ta kawo wani abu sabo: mai kwaɓa ƙasa don kuɗin yini, wanda ba ya kan hanyar zama komai a sana'ar.

Sarkin Magina daban yake da gwani, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, kuma a Zazzau gidan Babban Gwani ne aka sani da sarautar. Sarauta rawani ce, fada ke naɗawa. Aikin mai ita shi ne tara magina idan za a gyara fada ko masallaci, raba aiki, da sasanta rigima tsakanin magini da mai gida. Gwaninta kuwa ba a naɗa ta. Hausa ta ware suna ga mai izini, ta ware wani ga mai iyawa, kuma ba ta taɓa ɗauka cewa dole su zama abu guda ba. Wannan rarrabewa za ta yi mana amfani idan muka zo kan takardun zamani.

Sunayen kayan shafe su ma suna faɗin inda ɗan koyo yake zuwa neman ilimi. Laso, simintin gargajiya da ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa, haɗi ne na katsi, da gashin jima, da dafara. Katsi daga gindin rijiyar marina yake fitowa, gashin daga majema, dafara daga daji. Makuba ɓawon ɗorawa ce, ana jiƙa ta a sami ruwa mai duhun ja da ke ƙarfafa bango da daɓe. Ke nan yaron magini sai ya san ƙofar karofi, ya san ta majema, ya san lokacin da ɗorawa ke nuna. Da rini ya ja baya, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Yau akwai matasa masu aikin gini a birni da ba su taɓa jin kalmar ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Hannu na biyu shi ne mai zane. Zane kalma ce mai faɗi: layin da aka ja a ƙasa zane ne, tsagar fuska zane ce, haka abin da ake yi wa yaro mai ƙiriniya da tsumagiya. A kowane akwai jan layi a kan wani abu. A bango, mai zane yakan shafa ƙasa mai laushi, ya bi ta da yatsu tun tana ɗanya, ya tayar da wani wuri, ya nutsar da wani, daga baya a bi da farar ƙasa ko launi. Zariya ta yi suna a wannan har Turawa suka rubuta littattafai a kai: Anthony Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi kan gidajen birnin masu ado a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma, wanda ya daɗe yana binciken gidajen Zariya, ya fitar da babban littafi kan zanen bangon waje a 2007. Abin da ya fi jan hankalin baƙi shi ne keke, da agogo, da mota, da jirgin sama da suka hau fuskar zaure a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun 'yan kasuwa. Da siminti ya zo, sai aka koma kankare zanen a jikinsa kafin ya bushe, a bi da fenti.

Amma sunayen tsofaffin zane-zanen sun fi keken ba da labari. Dagi, wannan ƙulli da Jihar Arewa ta ɗauka a matsayin tambarinta a zamanin Sardauna, asalin kalmar tafin ƙafar dabba ce irin su zaki da kyanwa. Kafin ya hau bango yana kan riga, yana kan sirdi, yana kan jakar fata. Birnin Zariya gari ne na ɗinkin hannu, inda ake zana aska biyu da aska takwas a kan babbar riga kafin allura ta bi. Ido ɗaya ne ke yawo tsakanin riga, da allon zayyana na mai sauka, da bangon turaka. Mai zanen bango ba lallai ne ya fito daga gidan magina ba, kuma wannan ya sa matsayinsa ya zama na rabi da rabi: ana neman sa, ana biyan sa, ana yaba hannunsa, amma sunansa bai wuce "mai zane" ba.

Hannu na uku shi ne wanda ya fi kowa aiki a cikin ɗaki, kuma shi ne aka bari ba laƙabi. Idan magini ya sauko, mata ne ke shiga. Su ke daɓe: a baza tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa har ƙasa ta yi santsi. Su ke kuma jere.

Ana gobe ko jibi za a kai amarya, dangin uwarta da na ubanta sukan tafi gidan da za ta zauna da kaya niƙi-niƙi. 'Yan jere ke nan. A cikinsu kullum akwai wata dattijuwa wadda ba a fara komai sai ta iso. Takan tsaya a bakin ƙofa tukuna, ba ta taɓa komai ba, ta dubi inda taga take, ta dubi inda alƙibla take, ta dubi abin da mai ɗaga labule zai fara gani. Sannan ta ce gado nan, kabad can. 'Yan mata su hau kujera da kwanuka, ita tana ƙasa tana ba da umarni.

"Gwaggo, nan ya yi?"

"Bai yi ba, 'yar nan. Sauko da babban ƙasa, ƙananan su hau kansa. Kin taɓa ganin an ɗora uwa a kan 'ya?"

Ta san cewa jere daga babba yake tashi zuwa ƙarami, cewa launi biyu masu faɗa da juna ba sa maƙwabtaka, cewa abin da uwar amarya ta fi kashe wa kuɗi shi ake sa wa a inda dangin ango za su gani ba tare da an nuna musu ba. Ta san yadda ake sa ɗaki ƙarami ya ɗauki kayan da aka shekara goma ana tarawa da kuɗin adashi, a kuma bar wurin shimfiɗa sallaya. Kayan sun sauya a hannun irinta sau da yawa: daga ƙorai masu sassaƙa zuwa tasoshi, zuwa kwanukan fenti da langa da fanteka, zuwa samira, zuwa tangaran da kuloli, daga gadon ƙasa zuwa gadon ƙarfe mai rumfa, zuwa na katako da ya cinye rabin ɗaki. Ƙa'idar jerawar ce ta daɗe ba ta sauya ba.

Idan aka auna da abin da ake koyarwa yau da sunan tsara cikin gida, wato sanin inda haske ke shigowa, da hanyar wucewa, da haɗin launi, da abin da mai ɗaki yake so a fahimta game da shi, aikin wannan gwaggo ya fi na kowa kusa. Ta koye shi kamar yadda yaron magini ya koyi nasa, daga riƙe kwano tana yarinya har zuwa ranar da aka ce a jira ta. Hausa tana da kalmar gwana, kuma akan ce wance gwanar jere ce. Sai dai yabo ne na cikin gida, ba ya fita zaure. Zazzau ta san sarautun mata, ga Iya ga Magajiya a tarihinta, amma jere bai zama sana'a ba balle a yi masa shugaba, saboda ba a biyan kuɗi a kansa. Zumunci ne. Abin da ba a saye, ba a yi masa sarki.

Makaranta ta shigo da nata sunayen, kuma ta wajen ganuwa ta sauka. A 1955 aka dawo da sashen koyon zanen gine-gine da na zane-zane daga Ibadan zuwa kwalejin da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Nan ne makarantar farko ta masu zanen gini a Nijeriya. Yau a Samaru ɗalibi zai iya karanta zanen gini, ko zane-zane, ko fasahar kayan masana'antu inda ake koyon saƙa da rini da tangaran da gilashi. Kowane ɗayansu yana taɓa cikin ɗaki ta gefensa. Tsakanin Samaru da Ƙofar Doka tafiyar ɗan lokaci ce a mota, amma an daɗe kafin ilimin ɓangarorin biyu ya gaisa. Waɗanda suka yi ƙoƙarin haɗa su sun cancanci ambato: Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan da ya auna masallacin ya kuma sa aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, da Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya zauna da magina ya rubuta digirinsa na uku a 1981 kan yadda su da kansu suke auna kyau da muni a gini.

Sunan akitek doka ce ke tsaron sa. Tun dokar soja mai lamba 10 ta 1969, wadda ta kafa hukumar rajistar masu zanen gini, ba mai ikon kiran kansa da shi sai ya kammala karatun fannin, ya yi aiki a ƙarƙashin wani, ya ci jarrabawar ƙwararru, an sa sunansa a rajista. Wannan rawani ne irin na zamani, kuma yana da dalili, tunda bene idan ya rushe rai yake ci. Amma Zariya da kanta ta fitar da mutumin da ya nuna iyakar rawanin. Demas Nwoko zane-zane ya karanta a kwalejin, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Bai bi layin akitek ba. Duk da haka ya gina majami'ar 'yan Dominika a Ibadan, ya tsara cikinta da kujerunta, kuma a 2023 babban baje kolin gine-gine na birnin Benis a Italiya ya ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa. Da a birni yake a zamanin Abdulkarimu, an san sunan da za a kira shi.

Ita kuwa sana'ar tsara cikin gida, a matsayinta na aiki mai zaman kansa, ko a ƙasashen da ta fito ta sha fama da suna. A Amurka ƙungiyar da aka kafa a 1931 da sunan masu yi wa ɗaki ado, daga baya ta sauya ta koma masu tsara ɗaki, don 'ya'yanta suna ganin ado ya yi kama da zaɓen labule kawai, su kuwa suna son a san suna lissafin wuta da iska da hanyar tsira idan gobara ta tashi. A Nijeriya ƙungiyar masu wannan sana'a a Legas aka kafa ta a 2007, ƙarƙashin jagorancin Titi Ogufere. Ƙungiya ce ta masu sana'a, tana ba da horo da shaidar zama ɗan ƙungiya. A titunan Tudun Wada da Sabon Gari kuwa, duk wanda ya ga dama yana iya sa a rubuta masa dekoreshan a allon shago, ba mai tambayar sa takarda.

A bakin mutanen gari aikin ya sake rabuwa, kamar dā, sai dai sunayen yanzu na kaya ne. Akwai mai fi'ofi, wanda ke yin silin na farar hoda mai rodi da fitilu a ɓoye. Akwai mai tayil, mai fenti, mai labule, kafinta. Mai fi'ofi shi ne ya gaji wurin mai bakan gizo, tunda shi ma sama yake sa mutum ya kalla, da bambanci ɗaya babba: nasa adon rataye yake a ƙarƙashin kwano, ba ya ɗauke da komai. Kusan dukansu ta hanyar maigida suka koya, wanda yanzu ake ce wa oga, shekara uku ko huɗu ana ɗaukar bokiti kafin a ba ka cokali. Sabon abu shi ne bikin yaye. An ɗauko kalmar daga cire yaro a nono, aka ba ta aikin da dā babu shi: rana guda, da walima, da addu'a, da takarda mai hatimin shago, wani lokaci da kayan aiki kyauta. Kalmar ta dace ƙwarai, don tana faɗin cewa an daina ciyar da kai, ba ta ce ka ƙware ba.

Inda abin ya lalace shi ne injiniya. Mai haɗa waya injiniya, mai gyaran famfo injiniya, yaron da aka yaye bara shi ma injiniya. Gwani yana da nauyi ne saboda wasu ke ba ka shi, kuma suna iya hana ka. Injiniyan bakin titi kuwa mutum ne ke ɗauka da kansa, abokai su tabbatar masa don a zauna lafiya. Hukuma tana da hanyoyinta na cike wannan giɓi. Akwai tsohuwar jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai aji uku. Akwai kuma tsarin da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977 take da hedikwata a Kaduna, ta ɓullo da shi na auna mai sana'a a bakin aikinsa a ba shi mataki, ko da bai taɓa zama a aji ba. Tunanin mai kyau ne, kuma ya fi kusa da yadda magina ke auna junansu. Matakan dai lambobi ne, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma har yanzu ban ji wanda ya yi wa mai aikinsa kirari da lamba ba. Mai gida a birni idan zai ba da aiki, abin da yake cewa shi ne, "Kai ni in ga wanda ka yi."

Masu fassara a rediyo da jarida sukan ce adon ɗaki, ko ƙawata gida, ko tsara cikin gida. Na farko da na biyu suna da matsalar da Amurkawa suka gudu daga gare ta, suna sa a ɗauka kwalliya ce ake shafawa bayan an gama. Tsari ya fi, domin ya ƙunshi tunani kafin aiki, kuma shi zan zaɓa idan takarda za a rubuta.

A halin yanzu jere ne ke sauya matsayi a idon kowa. 'Yan mata da suka gama jami'a ko kwalejin fasaha, wasu kuma da suka yi kwas na 'yan makonni ta intanet, suna karɓar kwangilar ɗakin amarya dungurungum: su auna, su nuna hoto a waya, su kawo mai labule da kafinta, su sa farashi. Suna tallata aikinsu a Instagram da sunan intiriya. Karo na farko ke nan da aikin mata na cikin ɗaki ya zama sana'a mai kuɗi da suna, kuma sunan da ya samu ba na Hausa ba ne. Uwar amarya dai, ko ta biya 'yar kwangila, takan aika a ɗauko gwaggo ranar da za a shiga da kaya, kuma idan gwaggo ta ce gadon nan ya ba alƙibla ƙafa, juya shi ake yi, ko me hoton wayar ya nuna.